Ɗan Ruwa da Wada a Ƙasar Kazaure: Tarihin Wata Fahimta

Yankin arewa maso yammacin jihar Jigawa, wanda ya ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ya daɗe da hanyoyinsa na karɓar jariri da duba lafiyarsa tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a cikinsa, kuma waɗannan hanyoyi suna hannun mutum biyu ne, wato ungozoma wadda take yanke cibiya ta yi wankan farko, da wanzami wanda yake zuwa da zabirarsa cikin makon haihuwa. A cikin abin da al'adar ta gada akwai hukuncin da take yanke wa yaron da aka haifa da tawaya a kai ko a ido, da kuma wanda shekaru suke wucewa jikinsa bai bi su ba, kuma sunaye biyu ne suka fi yawo a kan irin waɗannan yara, ɗan ruwa da wada. Mutanen da suka raɗa sunayen suna da kaifin lura, domin alamomin da suka gani su ne waɗanda likitan yara yake nema a yau, sai dai sun tara cututtuka masu asali dabam-dabam a ƙarƙashin dalili guda, kuma a cikin waɗanda aka tara akwai wani ƙaramin kaso da ke da magani.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga rikicin da ya biyo bayan jihadi, lokacin da Ɗantunku, ɗaya daga cikin shugabannin Fulanin arewacin Kano, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo wanda ya hau gadon sarauta a 1819, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince da Kazaure a matsayin masarauta mai zaman kanta a 1824. Babura kuwa ta ci gaba da zama a ƙarƙashin Sarkin Kano har zuwa 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Jigawa aka sanya ta cikin sabuwar masarautar Ringim. Duk da wannan bambanci na sarauta, garuruwan huɗu Kano suke fuskanta wajen kasuwa da neman ilimi, kuma daga baya can suka fuskanta wajen neman magani, abin da ya sa tarihin lafiyar yaransu ba ya rabuwa da hanyar da ta tashi daga Daura ta ratsa Kazaure ta shiga birnin Kano.

A tsarin gargajiya, wanda Mary Smith ta rubuta kwatankwacinsa daga bakin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a littafin da ya fito a 1954, mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a durƙushe cikin ɗaki, tana danne murya saboda kunya da dauriyar da ake yabon mace da su. Galibi ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo, saboda haka aikinta ya fi karkata ga abin da ke biyo baya, wato yanke cibiya da binne mabiyiya da wanke jariri da gasa masa cibiya, sannan ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa. Ita ce mutum ta farko da take ganin jariri tsirara cikin haske, ta taɓa maɗigarsa, ta ga girman kansa da yanayin leɓensa da al'aurarsa, kuma tana komawa kansa safe da yamma har a yi suna. Wanzami yana zuwa ya buɗe bakin yaro ya cire belu, ya yi masa askin suna a rana ta bakwai, ya yi tsaga idan gidan masu tsaga ne. Babu wani ma'aikacin lafiya na zamani da yake samun irin wannan dama ta kallon jaririn ƙauye a kwanakinsa bakwai na farko, kuma a nan ne muhimmancin waɗannan sana'o'i biyu yake.

Idan yaro ya zo da babban kai, ko jikinsa ya saki ya kasa riƙe wuya, ko idanunsa suna yawo ba sa tsayawa a kan fuska, ko ya wuce lokacin zama da rarrafe yana kwance yana dalalar da yawu, tsofaffi sukan ce ɗan ruwa ne. Ma'anar ita ce iskokin ruwa sun musanya ɗan mutum da nasu, ko tun yana ciki ko bayan ya faɗo, kuma hanyar da ake cewa sun bi kusan kullum ta wajen uwa take: ta je rafi ko rijiya da tsakar rana, ko ta yi wanka da almuru, ko ta bar jariri shi kaɗai a ɗaki ba a ajiye masa wuƙa a wajen kai ba. Imani da iskoki masu zama a ruwa da duwatsu da kukoki tsoho ne a ƙasar Hausa, kuma Joseph Greenberg ya yi bayaninsa a nazarin da ya yi a kan Maguzawan karkarar Kano wanda aka buga a 1946. Ana ba da labarin cewa a zamanin da akan kai irin wannan yaro bakin kogi a ajiye, a ɓuya ana kallo, wai sai ya rikiɗe ya zama maciji ya shige ruwa, kuma ana samun labari mai kama da wannan a Mali da Gini da arewacin Gana. Labarin rikiɗar yana yin wani aiki da ya kamata a faɗe shi a fili, wato yana ɗauke wa manya nauyin abin da ya sami yaron, tun da an riga an fitar da shi daga cikin 'yan Adam. Musulunci ya haramta kashe ɗa ko yasar da shi ko da wace irin halitta ya zo, kuma yaɗuwar karatu bayan jihadi ta raunana wannan ɗabi'a, amma sunan da zargin uwa sun fi ɗabi'ar tsawon rai, har yau ana jin su a zaurukan asibiti.

Wada kuwa matsayinsa dabam ne, domin shi ya rayu, yana magana yana aiki, kuma ba a cire shi daga cikin mutane ba, illa dai ana yi masa kallon abin mamaki. Kalmar ta haɗa mutane iri biyu waɗanda ido yake iya rarrabewa, wato mai gajerun hannuwa da ƙafafu a kan gangar jiki irin ta manya, wanda matsalarsa a ƙashi take, da kuma wanda dukkan gaɓoɓinsa suka yi daidai da juna amma ya tsaya a girman ƙaramin yaro, da fuskar yara da siririyar murya, wani lokaci ma bai balaga ba har ya tsufa. Na biyun nan shi ne wanda ilimin zamani ya gano cewa sinadarin girma ne ya yi masa ƙaranci. Yaron da aka haifa ba ya gani kuma, idan ya tsallake yaye, yana da wurin da al'umma ta tanadar masa a cikin jama'ar makafi, waɗanda suke da sarkinsu a manyan garuruwa kamar yadda kutare da guragu suke da nasu, ya yi karatun allo da ka, ya yi tufkar igiya ko bara.

Malaman da suka karanta littattafan ɗibbu, a zamanin da Muhammadu Bello da kansa yake rubuce-rubuce a kan magani, sun gaji ilimin jikin mutum ne daga likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, waɗanda su kuma suka ɗauko da yawa daga Jalinusu, likitan Girka na ƙarni na biyu. Jalinusu ya san akwai wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, amma ya ɗauka aikinta shi ne tace majina daga kai zuwa hanci, kuma wannan ra'ayi ya zauna a Turai da ƙasashen Musulmi fiye da shekara dubu, har sai da Conrad Schneider ya rushe shi a Jamus wajen 1660. Saboda haka rashin sanin aikin wannan gaɓa bai keɓanta da ungozomar Roni ko malamin Kazaure ba, duniya duka ce ta makara a kansa.

Gaɓar ita ce ake kira fituwitari, kuma girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a gindin ƙwaƙwalwa, dab da inda jijiyoyin gani na idanu biyu suke gittawa. Aikinta shi ne fitar da homon, wato sinadaran da jini yake ɗauka ya kai saƙo ga wasu sassan jiki. Ɗaya yana sa ƙashi da tsoka su girma, wani yana umartar tayirod, gaɓar gaban wuya wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo, ta fitar da sinadarin da ƙwaƙwalwar jariri take bukata domin ta ginu, wani yana umartar gaɓoɓi biyu da ke kan ƙoda su fitar da kotisol, wanda yake riƙe sukarin jini da ƙarfin bugunsa a lokacin yunwa ko zazzaɓi, wasu suna kula da balaga da haihuwa, sannan sashenta na baya yana sakin sinadarin da yake hana ƙoda zubar da ruwan jiki. Martin Rathke ya nuna a 1838 cewa sashen gaba na wannan gaɓa yana tasowa ne daga rufin bakin ɗan tayi, ya haura ya haɗu da wani reshe da yake saukowa daga ƙwaƙwalwa, kuma wannan yana faruwa cikin watanni biyu na farkon ciki, a daidai lokacin da tsakiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin gani da tsakiyar fuska suke haɗuwa. Wannan maƙwabtaka ta wuri da lokaci ita ce dalilin da ya sa tangarɗa guda takan taɓa su tare.

Fitaccen misali shi ne ciwon da ake jingina wa Georges de Morsier, likitan Janiba wanda ya yi bayaninsa a 1956, inda jijiyar gani take tsumburewa, kuma siririn bangon da ya raba kogunan ruwa biyu na tsakiyar ƙwaƙwalwa ba ya samuwa. A 1970 ne William Hoyt da Selna Kaplan da Melvin Grumbach suka nuna a Amurka cewa yara masu wannan ciwo sukan rasa sinadarin girma, aka gane cewa makanta da wadanci suna iya fitowa daga tushe ɗaya. Ana ƙiyasta cewa yana samun jariri 1 cikin 10,000, kuma a 1998 masu bincike a Landan suka gano ƙwayar gado ta farko da ke da hannu a cikinsa, ko da yake a mafi yawan yara ba a samun wata ƙwayar gado da za a ɗora wa laifi. Bincike a Ingila da Amurka ya nuna ya fi yawa a 'ya'yan fari na mata masu ƙarancin shekaru, lamarin da ya shafi yankin da ake aurar da 'yan mata da wuri. Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani, inda gaban ƙwaƙwalwa yake kasa rabuwa gida biyu, yaro ya zo da ƙaramin kai da idanu kusa da juna da tsagaggen leɓe, kuma ciwon sukarin da ba a kula da shi ba a jikin uwa yana ƙara haɗarinsa. Wajibi ne a faɗa cewa waɗannan su ne 'yan tsiraru a cikin yaran da aka kira 'yan ruwa, domin mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsu iska, ko shawara mai tsanani ta lalata ta, ko sanƙarau, ko taruwar ruwa a kai.

Inda al'ada da ciwon fituwitari suka yi mummunan karo shi ne batun dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda aka daɗe ana ɗauka ƙazanta ne ko guba, ana matse shi a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko rubutu ko madarar dabba har kwana biyu ko uku kafin a sa shi a nono. Lafiyayyen jariri yakan jure wannan jinkiri, saboda kotisol da sinadarin girma suna fito masa da sukari daga abin da jikinsa ya tara. Jaririn da fituwitarinsa ba ta aiki ba shi da wannan kariya, don haka cikin 'yan sa'o'i sukarinsa yake faɗuwa, jikinsa ya yi sanyi ya saki, ya ƙi kama nono, ya shiga taune-taune da jijjiga, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa. A idon masu jego wannan shi ne ainihin kamun iska, sai a kawo turare da tofi, alhali kowace sa'a da ta wuce ba abinci tana ƙara cin ƙwaƙwalwar. Wanda ya mutu kafin suna akan binne shi a ce bai zo da kwana ba, wanda ya rayu kuma yakan tashi da farfaɗiya da tawayar hankali, ya tabbatar wa mutane da abin da suka riga suka faɗa a kansa. Ta haka hukuncin yake haifar da hujjarsa da kansa.

Sauran alamomin duk a gaban ungozoma suke bayyana. Shawarar da ta wuce mako biyu ba ta washe ba tana cikinsu, haka nan azzakarin jariri namiji da bai kai santimita biyu da rabi ba, musamman idan 'ya'yan maraina ba su sauko ba, da idanun da suke rawa cikin watanni uku na farko, da fitsari mai yawa tare da ƙishirwar da ba ta yankewa. Alamar al'aura ita ce ta fi saurin ganewa kuma ita ce ta fi wuyar faɗa, domin kunya tana rufe bakin ungozoma da na kaka, kuma da yake a al'adar da ba a yi wa yaro kaciya sai ya kai shekara bakwai ko fiye, cikin hunturu tare da sa'o'insa, wanzami ba ya ganin abin sai bayan lokacin da ya fi amfani ya wuce.

Maganin ya samu ne a hankali cikin ƙarni na ashirin. Edward Kendall ya ware sinadarin tayirod a 1914, aka fara amfani da kotison a asibiti a 1948, sannan Maurice Raben ya ba da rahoto a 1958 cewa ya yi wa wani yaro allurar sinadarin girma da aka tatso daga gawarwaki, yaron ya ƙara tsawo. An dakatar da wannan hanya a 1985 bayan an gano tana iya ɗauko wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, kuma a shekarar ce aka amince da wanda ake haɗawa a masana'anta. Allurar girma tana da tsada, ana yin ta shekara da shekaru, tana kuma bukatar firji, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidajen Gwiwa ko Babura. Amma magungunan da suke tsare rai da hankali, wato haidirokotison mai maye gurbin kotisol da tairoksin mai maye gurbin sinadarin tayirod, ƙwayoyi ne masu sauƙin kuɗi da ake haɗiya kullum, kuma ƙa'idarsu ita ce a fara gyara kotisol kafin a ba da na tayirod, a kuma ƙara yawan haidirokotison duk lokacin da yaro ya kamu da zazzaɓi, sharaɗin da yake da nauyi a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake zuwa kowace damina.

Isowar wannan ilimi ƙasar Kazaure ta bi hanya mai tsawo. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, asibitin En'e na birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, bai samu ba sai ƙarshen shekarun 1920, kuma hankalin likitocin mulkin mallaka yana kan annoba irin su agana da sanƙarau da ciwon barci. Mishan ɗin SIM, wadda ta kafa tasha da makarantar yara maza a Roni, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, kuma a irin wannan asibiti ne ake fara haska idon yaron da ba ya gani a ga tsumburarriyar jijiya. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya zo a 1988, shi ne ya zama wurin da ake tura yaran yankin masu bukatar gwajin homon da hoton ƙwaƙwalwa. A 2007 jihar Jigawa ta kafa tsarin Gunduma wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka sanya Kazaure cikin cibiyoyinsa, daga baya kuma aka buɗe makarantar koyon aikin ungozoma a Babura. Horar da likitocin yara masu ƙwarewa a kan homon a nahiyar Afirka sabon abu ne, domin cibiyar Nairobi ta fara aiki a 2008, ta Legas kuma a 2012.

Kayan aikin da ya fi dacewa da ƙauye a wannan fage a Nijeriya aka ƙirƙiro shi, wato katin awon yara, wanda David Morley ya tsara a Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa daga ƙarshen shekarun 1950, kuma ya bazu a ƙasa lokacin da Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma likitan yara ne, yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Sai dai katin yana da wata matsala a Jigawa, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, galibi saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta. A inda gajarta ta zama ruwan dare, yaron da sinadarin girma ya yi wa ƙaranci yakan ɓace cikin taro, a ɗauka tamowa ce, a ba shi abincin tamowa, nauyinsa ya ƙaru tsawonsa ya tsaya. Abin da yake bambanta shi shi ne an haife shi da girma daidai, jikinsa a murje yake da kitse a ciki, haƙoransa suna jinkirin fitowa, kuma idan aka auna shi sau biyu a tsakanin shekara guda za a ga bai ƙara santimita huɗu ba. Wannan awo ba ya yiwuwa sai an rubuta tsawo a kan katin, ba nauyi kaɗai ba. Dokar sanya aidin a gishiri ta 1993 ta rage maƙoƙo da tawayar hankalin da rashin aidin yake jawowa, amma ba ta da tasiri a kan yaron da matsalarsa daga fituwitari take, kuma gwajin tayirod na jarirai, wanda aka fara a Kebek ta Kanada a 1974, bai zama ƙa'ida ga kowane jariri a Nijeriya ba.

Binciken na 2018 ya kuma nuna cewa kusan haihuwa huɗu cikin biyar a Jigawa a gida ake yin su, wanda yake nufin ungozoma da wanzami har yanzu su ne masu ganin jariri da farko a yawancin gidajen yankin. Horon da hukumomi suka riƙa ba ungozomomi ya fi mayar da hankali ga tsabtar reza da gane haɗarin zubar jini a jikin uwa, kuma an sami ci gaba wajen shawo kan mata su ba da dakashi. Tun daga 2009, lokacin da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko, an ga yadda umarni yake sauka daga fada zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa a yaƙin shan inna, kuma wanzamai ma suna da Sarkin Aska da suke saurara. Ya kamata majalisun masarautun Kazaure da Ringim, tare da hukumar lafiya ta jiha, su bi wannan hanya su isar wa kowace ungozoma da kowane wanzami cewa jaririn da ya yi jijjiga ko ya ƙi nono, ko shawararsa ta wuce mako biyu, ko al'aurarsa ta yi ƙanƙanta, ko idanunsa suke rawa, a sa shi a nono nan take idan yana iya kamawa, a kai shi asibiti a ranar, kuma a nemi a auna sukarin jininsa kafin a yi masa komai.